Ranar da Baba Ya Gyara Sitima da Hannuna

Gidanmu yana Gwammaja, a wani lungu da mota ba ta iya shiga. Saboda haka ranar da aka kawo sitimar, a bakin titi a-kori-kurar ta tsaya, 'yan dako huɗu suka kinkimo ta suna nishi, suna ba juna umarni, har suka dire ta a ɗakin baya da muka mayar kicin. Ta hannu ce na saya, daga wani gidan abinci da ya rufe. Akwatin ƙarfe ne fari ƙal, tsayinsa ya kawo kafaɗata, da ƙofa irin ta firji. A ciki akwai faranti shida masu huji-huji, a ƙasa kuma tankin ruwa, inda wasu lanƙwasassun ƙarafa uku suke kwance. Su ne ke tafasa ruwan, tururi ya tashi ya dafa abin da ke sama. Umma ta zagaya ta sau biyu, ta buɗe ƙofar ta leƙa, ta ce, "Ashe dai madambaci ne aka yi wa ƙofa."

A lokacin na yi shekara uku ina girkin biki da suna da walima. Gidan aurena yana wajen Ƙofar Dawanau, amma ɗaki biyu ne kawai, don haka kicin ɗin sana'a a gidan iyayena na kafa shi, kullum da safe in taho. Abokiyar aikina wata dattijuwa ce, maƙwabciyarmu, kowa Hajiya yake kiranta. Kakanninta daga Barno suka zo, amma ita a nan aka haife ta, Hausarta ta Kano ce tsantsa, sai in ranta ya ɓaci ne ake jin Barbarci ya kubce mata. A hannunta na koyi burabusko. Kafin zuwan sitima, in aka ba mu aikin mutum ɗari biyu, tukwane huɗu muke ɗorawa a murhu, mu liƙe bakin madambaci da tsumma da ƙullu, hayaƙi ya cika mana ido. Da ta zo, sai alala da dambu da burabusko suka koma aikin awa ɗaya da rabi. Shekara guda muka yi da ita ba ta taɓa ba mu ciwon kai ba.

Sai wata safiya, muna tsakiyar dambun shinkafa, muka ji ƙas daga jikin bango. Birekar da ke ba ta wuta, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, ita ce ta faɗi. Na ɗaga ta, sitimar ta ci gaba, bayan kamar minti goma sha biyar ta sake faɗuwa. Haka muka ƙarasa girkin ranar, ina tsaye kusa da bango kamar mai gadi.

Ya kamata in faɗi wane ne mahaifina tun kafin in ci gaba, don shi ne dalilin wannan labari. Baba ma'aikacin lantarki ne tun yana saurayi. Ya yi aiki a wata masaƙa har ta rufe, daga nan ya koma haɗa wayar gidaje da gyaran injinan niƙa. A unguwarmu da wuya ka sami gidan da bai taɓa hawa tsani a cikinsa ba. Sai hawan jinin ido ya kama shi. A hankali ganin ya riƙa tsukewa daga gefe, har ya zamana ba ya bambance komai sai haske da duhu. Da ya tabbatar abin ba mai juyawa ba ne, ya kira mutanen da ya koya wa aiki, waɗanda duk sun zama magidanta, ya raba musu kayan aikinsa. Mitar gwaji kawai ya riƙe, da sukundireba biyu da filaya, a cikin wata tsohuwar jakar fata da ya tura ƙarƙashin gado.

Daga nan muka shiga lallaɓa shi kamar ƙwai. Ko ƙwan fitila ne ya mutu a gidan, a ɓoye ake canza shi, kada Baba ya ji ya tuna. Mun ɗauka tausayi ne muke yi. Shi kuwa bai taɓa cewa komai ba. Yakan yi sallar asuba a masallacin lungu, wani abokinsa ya rako shi gida, ya zauna a tabarmarsa a inuwar ɗakinsa da rediyo a gefe. Ɗakin nan kuwa bango ɗaya ne ya raba shi da kicin ɗina.

Don haka da sitima ta fara rigima, ban ko yi tunanin Baba ba. Na kira wani mai gyara da wata ƙawata ta ba ni lambarsa. Ya zo ya dubi birekar, bai ko buɗe bayan sitimar ba, ya ce ta yi wa injin ƙanƙanta. Ya cire ta ya sa babba. Gaskiya kuwa ba ta ƙara faɗuwa ba, na yi ta sa masa albarka. Bayan kwana uku sai wani sabon abu ya ɓullo. In sitimar ta yi zafi, sai a ji wani abu a bayanta yana ƙat-ƙat-ƙat da sauri, kamar haƙoran mai jin sanyi, 'yar jar fitilar gabanta tana kawowa tana ɗaukewa. Ga kuma wani ɗan wari kamar na roba a wuta, wanda ƙamshin albasa da man gyaɗa ke dannewa.

Mai gyara na biyu ya fi na farko natsuwa. Ya buɗe bayan, ya nuna min wani baƙin abu mai kamar ƙaramin akwatin ashana uku a haɗe, ya ce sunansa kwantakta, shi ne ke haɗa wuta da ƙarafan tafasa ruwa, kuma ya gaji. Ya sa sabo. Kwana biyu aka yi shiru, a na uku ƙarar ta dawo.

Ranar ce kuma Hajiya ta kai hannu za ta buɗe ƙofar sitimar, hannunta a jiƙe, ta yi tsalle baya ta saki wata kalma da Barbarci. Na tambaye ta lafiya, ta ce, "Abin nan ya ja ni. Wallahi har gwiwar hannu na ji shi." Ta zauna a kan kujera 'yar tsugunno tana murza hannun. Ta ce ita ta gama da wannan akwati, gobe a fito da tukwane. Muna da aikin walimar sauka ranar Asabar, ranar kuwa Laraba ce.

Na kashe komai na fito tsakar gida ina duba waya, ina neman lambar mai gyara na uku. Sai na ji muryar Baba daga tabarmarsa. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Hajiya ba ta ji ciwo ba dai?"

Na ce a'a, tsorata kawai ta yi. Ya rage muryar rediyon.

"Kwana goma sha ɗaya ke nan ina jin injin nan yana kuka," in ji shi. "Na ji wanda ya zo ya sa babbar bireka. Na ji wanda ya zo ya canza kwantakta. Na ce bari in ga ko za a tambaye ni."

Na durƙusa a gefen tabarmar na ce, "Baba, ba mu so mu wahalar da kai ba ne."

"Idona ne ya tafi," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba. "Kaina yana nan. Shiga ƙarƙashin gado ki ɗauko min jakata."

Umma tana bakin ƙofarta tana tsince shinkafa. Ta ɗago ta dube ni, ta mayar da kai kan faifanta.

Na riƙe hannunsa muka shiga kicin. Hajiya ta miƙe ta ba shi kujera tana cewa, "Malam, da kanka?" Ya ce mata ai ba nisa ya yi tafiya ba. Bai zauna ba tukuna. Ya tsaya a tsakiyar ɗakin ya shaƙi iska sau biyu, ya ce a kai shi wurin birekar. Ya shafa ta da yatsa, ya tabbatar tana ƙasa, sannan ya ce in ɗauko mitar in murɗa ta zuwa inda aka zana wata alama mai kamar igiyar ruwa. Batirin ciki ya daɗe da mutuwa, sai da na cire na agogon bangon Umma, bai yi daidai ba, na fita shagon bakin lungu na sayo irin nata mai kusurwa huɗu.

Ya sa na gwada mitar a soket ɗin firji tukuna, don mu san tana aiki. Ta nuna ɗari biyu da 'yan kai. Sannan ya sa na kwance murfin bayan sitimar, na ɗora tsinken mitar biyu a inda wuta ke shigowa. Babu komai.

"Yanzu kika san a kashe take," ya ce. "Ɗazu zato kike yi. Kada ki taɓa sa hannu a cikin inji don wani ya ce miki ya kashe, ko da ni ne."

Daga nan ya zauna, ya ce in faɗa masa duk abin da nake gani, daga sama zuwa ƙasa, kada in tsallake komai don ina ganin ba shi da amfani. Na fara. Akwai takarda manne a jikin murfin da zane-zane, amma rubutun na Sin ne. Ya ce a bar ta. Akwai waya ja mai kauri, da baƙa, sun shigo ta wani rami a ƙasa sun hau zuwa kwantakta. Daga ƙasan kwantaktan wayoyi sun rabu zuwa kawunan ƙarafa uku da suka leƙo daga jikin tanki, kowanne da ƙafa biyu da noti.

"Jar wayar, inda ta shiga kwantakta, wane launi ne bakinta?"

Na duba da fitilar waya. Na ce ba ja ba ne, ya koma ruwan ƙasa, har da baƙi-baƙi.

Ya miƙo hannu na ɗora masa a wurin. Ya murza robar da yatsa biyu, ta ruɓuɓɓushe kamar busasshen ganye. Ya ɗan ja wayar, ta motsa a cikin mazauninta.

"Ga mai ƙat-ƙat ɗinki," ya ce. "Sabon kwantakta ne, amma ƙonanniyar waya aka mayar masa. Ba ta kama da kyau. In ta yi zafi sai ta saki, ta kama, ta saki."

Na ji daɗi ya kama ni, na ce to shi ke nan, sai mu yanke wurin mu sake ɗaurewa. Ya girgiza kai.

"Me ya ƙona ta? Waya ba ta ƙonewa haka kawai. Wani abu ne a ciki yake jan wutar da ta fi ƙarfinta. Ƙaramar birekar nan da kuka cire gaskiya take faɗa muku, kuka rufe mata baki. Kuma wayar nan ba ita ta ja Hajiya ba. Ci gaba da duba min. Ba ki ga wata koriya ba?"

Na daɗe ina nema kafin na gan ta. Tana can ƙasa a lanƙwashe, an naɗe bakinta da baƙin salatif, an cusa ta bayan wani ƙarfe. Ba a haɗa ta da komai ba. Da na faɗa masa, sai ya yi salati a hankali. Ya ce wannan ita ce wayar ƙasa. Aikinta shi ne in wuta ta ɓalle ta shiga jikin inji, ta kwashe ta ta kai ƙasa kafin ta sami mutum. Wanda ya haɗa mana sitimar tun farko bai ga inda zai ɗaura ta ba, sai ya ɓoye ta. Shekara guda muna aiki a jiƙaƙƙen siminti, wani lokaci ba ko takalmi.

Hajiya ta ce, "Allah ne dai ya tsare." Baba ya ce, "Shi ne kuwa."

Sai muka koma kan ƙarafan uku, waɗanda shi yake kira elimen. Ya sa na kwance wayoyinsu ɗaya bayan ɗaya, in ɗaura wa kowace zare mai launi dabam don kada in rikice wajen mayarwa. Hajiya ce ta tsinko zaren daga gefen wani tsohon zani. Notin farko ya ƙi kwantuwa, na yi ta fama filaya tana zamewa, har na ƙuje ɗan yatsa. Baba ya ce in daina kokawa da shi, in riƙe na ciki da filaya in juya na waje. Nan take ya saki.

Na murɗa mitar zuwa inda ya ce, na gwada ƙafafu biyu na kowane elimen. Na farko ya nuna ashirin da huɗu, na biyu ashirin da biyar, na uku ashirin da huɗu. Ya ce duk lafiya. Sannan ya ce in ɗora tsinke ɗaya a ƙafar elimen, ɗaya a jikin tankin, inda ƙarfe yake tsirara. In mitar ta nuna wani abu, to wuta na da hanyar fita. Na gwada duka ukun. Ba ta nuna komai ba.

Nan na ga Baba ya tsaya. Ya sa na sake, na sake, amsa ɗaya. Ya jingina da bango ya haɗa yatsunsa a kan gwiwa. Ni kuwa sai zuciyata ta fara karyewa, ba don sitimar ba, don shi. Na ji tsoron kada a ce mun taso shi daga tabarmarsa, a gaban Hajiya da Umma, ya zo ya kasa. Har na buɗe baki zan ce a bari sai gobe, sai ya juya wajen Hajiya.

"Hajiya, da ya ja ki, an daɗe da kunnawa?"

"An kusa sauke alala, Malam."

"Da safe in kin zuba ruwa kin rufe ƙofa, kin taɓa jin wani abu?"

"Ko kaɗan."

"Uwata, birekar ma ba ta faɗuwa sai an jima?"

Na ce sai bayan kamar minti goma sha biyar.

"To a sanyi muke tambayarsa, shi kuwa sai ya ji zafi yake magana. Mayar da wayoyin."

Na mayar, ina bin zaren. Ya sa na yanke ƙonannen bakin jar wayar na feƙe sabo na ɗaure tam, ya taɓa da kansa ya ji. Ya ce kowa ya sa takalmin roba ya koma bakin ƙofa, kada wanda ya matsa kusa da injin. Na ɗaga birekar da busasshiyar muciya, muka tsaya muna jira. An kira azahar muna nan tsaye. Ruwan ya fara motsi, ya fara kuka, tururi ya soma fita ta gefen ƙofa. Babu ƙat-ƙat. Baba ya karkata kai yana saurare, leɓensa na motsi, ina jin ƙirga yake yi. Can ya ce, "Kashe."

Na kashe, na gwada na tabbatar babu wuta, na kwance wayoyin da tsumma a hannu saboda zafi, yana ta ce min in yi sauri amma kada in yi gaggawa. Na farko, babu komai. Na biyu, babu komai. Ina ɗora tsinke a na uku lambobi suka fara rawa a fuskar mitar.

"Baba, ta nuna! Ta nuna!"

"Nawa?"

Na faɗa masa, na ce kuma tana ta hawa. Ya ce ai elimen ɗin yana hucewa ne, in an jima zai sake yin shiru kamar ba shi ba. Ya ce mu je mu yi salla, kafin nan ruwan ya huce.

Bayan salla muka buɗe famfon ƙasa muka tsiyaye tankin. Ban taɓa leƙa cikinsa da kyau ba sai ranar. Ƙarafan uku duk sun yi farin ɓawo mai kauri kamar an shafe su da kanwa. Baba ya ce ruwan burtsatsen da muke saye ne, yana da gishirin ƙasa, duk tafasa sai ya bar nasa a jikin ƙarfe. Ɓawon yana hana zafi fita, ƙarfen ya yi ta cin kansa. Muka ciro na ukun, na kankare shi da bayan wuƙa, na duba ban ga komai ba. Baba ya karɓa ya bi shi da farcen babban yatsa a hankali, daga wannan kai zuwa wancan. A daidai lanƙwasar ya tsaya.

"Duba nan."

Sai da na kai shi hasken tsakar gida na gani. Tsaga ce siririya kamar gashi, ba ta kai tsawon ƙwayar shinkafa biyu ba. In ƙarfen ya yi zafi sai ta buɗe, ruwa ya shiga ya sami wutar da ke ciki. Na kai wa Umma ta gani, ta juya shi a hannu ta ce, "Wannan ɗan abin?"

Washegari da hantsi muka tafi Sabon Gari ni da shi a adaidaita. Na so in je ni kaɗai da tsohon elimen a jaka, ya ce za a ba ni mai kama da shi, ba irinsa ba. Ya sa farar shaddarsa da hula, Umma ta fesa masa turare. Rabonsa da wuce masallacin lungu, in ba asibiti ba, an fi shekara biyu. A hanya yana ta faɗa min inda muke, daga jin ƙara da yadda titi ke lanƙwasa, sau ɗaya kawai ya yi kuskure, don an gina gada a inda ya sani da shataletale.

A layin masu kayan wuta, wani dattijon mai shago ya hango mu ya taso da sauri yana cewa, "Malam! Kai ne? Ashe kana nan!" Suka riƙe hannun juna sun daɗe ba su saki ba. Aka kawo benci, aka kawo ruwa. Suka yi ta lissafa mutanen da suka sani, wane ya rasu, wane ya koma garinsu, ni ina tsaye da jaka. Da aka zo kan elimen, mai shagon ya kawo iri biyu. Baba ya auna nauyinsu a tafin hannu, ya shafa kaurin ƙarfen, ya ƙwanƙwasa su da farce, ya ajiye mai ƙyallin ya ɗauki ɗayan. Mai shagon ya yi dariya ya dube ni ya ce, "'Yata, babanki ba a yi masa wayo." Muka sayi bireka daidai da wadda aka cire, da wata kuma da Baba ya ce tana jin yoyon wuta komai ƙanƙantarsa ta yanke, da sandar jan ƙarfe mai tsawo, da koriyar waya.

Sandar, maƙwabcinmu mai walda ne ya zo da guduma ya kafa mana ita a bayan kicin, inda ƙasa ke da laima. Baba ya sa aka zuba gawayi da gishiri a ramin aka kwarara ruwa. Birekun ma shi mai waldan ya taimaka, bayan an cire katawut an yanke wutar gidan gaba ɗaya, Baba yana faɗa masa wace waya za ta shiga ina. Sauran aikin cikin sitimar ni na yi. Na jiƙa elimen biyun da suka rage a ruwan lemon tsami har ɓawon ya narke, na wanke tankin, na ɗaura sabon, na haɗa koriyar waya a jikin ƙarfe. Kowane noti sai Baba ya bi da yatsa. Biyu ya ce in ƙara ɗaurewa, ɗaya ya ce na matse shi da yawa zan fasa robar da ke hana yoyo.

Da la'asar muka kunna. Ta yi minti arba'in tana tururi, babu ƙara, babu wari. Baba ya sa na gwada tsakanin jikinta da ƙasa tana cikin aiki, mitar ba ta ga komai ba. Duk da haka Hajiya ta ƙi taɓa ƙofar. Sai da Baba ya tashi, na kai shi, ya ɗora tafin hannunsa a kan mariƙin ya bar shi a nan yana mata hira, sannan ta matso ta taɓa da ɗan yatsa ɗaya, ta janye, ta sake taɓawa.

Aikin Asabar ya fita lafiya. Ba wanda ya san abin da aka sha a kansa, sai dai uwar mai saukar ta aiko a ce alalar ta yi laushi.

Abin da ya canza a gidan ba mai yawa ba ne, amma ya canza. Ranar Lahadi fankar ɗakin Umma ta ƙi juyawa sai an tura ta da sanda, na ji ta daga kicin tana cewa, "Malam, fankar nan fa ta fara halinta." Da can ni za ta kira a ɓoye. Ya ce mata kwandensa ce, a sayo mai lamba kaza. Bayan mako biyu matar mai waldan ta kawo dutsen gugarta, daga baya wata ta kawo injin markaɗe. Yakan zauna a tabarma ya sa a faɗa masa yadda abin ya fara, in ina kusa in zama hannunsa, in ba na nan ya faɗa wa mai kayan abin da zai ce wa mai gyara don kada a canza masa abin da bai lalace ba. Wasu ya gano, wasu ya ce sai an buɗe a gaban mai ido.

Ni kuma duk ƙarshen wata nakan tsiyaye tankin in wanke shi da lemon tsami, kuma mun koma tara ruwan famfo saboda sitimar in an samu. Ban zama mai gyaran wuta ba, ban kuma yi niyya ba. Na dai san inda zan tsaya in kira wanda ya fi ni.

Baba ya ɗauki wata al'ada ta shigowa kicin da hantsi, ya zauna a kujerar bakin ƙofa inda tururi ba ya kai masa. Shi da Hajiya suka buɗe wata muhawara da har yau ba su rufe ba. Ita ta ce burabuskon itace ya fi na lantarki daɗi, don hayaƙi yana da nasa ɗanɗanon. Shi ya ce ba hayaƙi take ji ba, ƙuruciyarta take tunawa. Wata rana ta dafa kashi biyu, ɗaya a murhu ɗaya a sitima, ta zuba masa a kwano biyu da miyar taushe ta ce ya faɗi wanne ne wanne. Ya ci na dama, ya ci na hagu, ya sake komawa na dama. Ya daɗe yana taunawa, sannan ya nuna na hagu ya ce shi ne na itace. Hajiya ta tafa hannu ta ce ya faɗi, bai canka daidai ba. Ya ce to ai maganarsa ce ta fito, tunda ba a iya bambancewa. Ta ce a'a, harshensa ne ya tsufa. Ya cinye kwano biyun, ya ce a ƙaro masa miya.